Takardar Saki Daga Ikko, Yunwa a Kontagora

Motocin da suke tasowa daga Kontagora da shanu da masara da wake, su bi ta Mokwa, su ƙetare gadar Jebba, su ratsa Ilori har su sauke kaya a Badun da Ikko, ba sa komawa gida wayam. Suna komawa da goro da manja da atamfa da saƙon kuɗi na 'yan ci-rani. Amma tun zamanin da ake ba yaron mota wasiƙa ya soke a cikin hula, akwai wani kaya da motocin nan suke ɗauka wanda ba a biya masa lada a tasha, ba shi da nauyi a hannu, alhali kuwa ya fi kowane kaya nauyi a gidan da aka sauke shi. Watau takardar saki. Yanzu ma an hutar da yaron mota, wayar hannu ta karɓi aikinsa. Mutum yana zaune a kan benci a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, ransa ya ɓaci saboda wata magana da aka kawo masa daga gida wadda bai tsaya ya bincika ba, sai ya danna kalmomi uku ko huɗu, kafin shayinsa ya huce auren shekara goma sha biyu ya mutu a wani gida a Kontagora.

Abin da yake biyo baya ba baƙo ba ne ga kowa. Kafin magariba uwar miji ta aika a kira 'yan'uwan matar su zo su kwashe kayanta. A ɗora gado da katifa da 'yan kwanoni a amalanke, ita kuma ta bi bayan amalanken da goyo, wani yaron yana riƙe da gefen zanenta. Kwanonin ma ba su cika ba, domin an sayar da wasu ran da maigida zai tafi Kudu ba shi da kuɗin mota. Akuyar da ta zo da ita ta tafi wajen maganin ciwon mahaifinsa. Shekarun da ta yi tana daka da tankaɗe da jinyar surukai, tana riƙe masa gida yana can yana nema, babu wanda ya rubuta su a ko'ina. Ta shiga gidan tana yarinya da kayan ɗakin da iyayenta suka ci bashi suka yi mata, ta fito da abin da ya ragu daga cikinsu.

Gidan da za ta koma kuwa, sau da yawa ba gidan da ta baro ba ne. Uban ya tsufa ko ya rasu, 'yan'uwa maza kowa yana fama da nasa iyalin. A shekarun nan kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Mariga da Rijau da Magama, har ya zamana wasu iyayen su kansu 'yan gudun hijira ne a cikin garin Kontagora, suna raɓe a ɗakin aro. To, ina wannan baiwar Allah za ta sa kanta?

Abin da ake nema a nan ɗaya ne, kuma za a faɗe shi ba tare da kewaye-kewaye ba. Ya kamata Jihar Neja ta yi doka, cewa duk mutumin da ya saki matarsa don ganin damarsa, bayan ya ciyar da ita ta gama idda, sai ya biya ta kuɗin sallama na wani ƙayyadadden lokaci, gwargwadon ƙarfinsa da tsawon zaman da suka yi, domin ta sami abin da za ta kama sana'a ta dogara da kanta. Kuɗin yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa. Babu mai cewa a ɗaura wa namiji ciyar da tsohuwar matarsa har kabari.

ABIN DA AKA SANI AKA TAKE

Kafin a kai ga sabuwar doka, sai a fara tambayar inda aka kai tsohuwar. A mazhabar Imamu Malik, wadda da ita alƙalan ƙasar Hausa suke yanke hukuncin aure, matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu, irin wanda ake iya kome, cinta da shanta da suturarta da wurin kwananta duk suna wuyan mijin har ta gama idda. Wadda aka yi wa saki uku tana da haƙƙin wurin zama har iddarta ta cika, in kuwa tana da ciki sai an ciyar da ita har ta sauka. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda, aya ta 6 kuma ta yi umurni da a zaunar da ita, a kuma biya ta ladan shayarwa. Riƙon 'ya'ya ma, a wurin Malikawa, na uwa ne matuƙar ba ta yi wani aure ba: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, uba kuwa shi ke biyan abincinsu da tufafinsu duk inda suke.

Wannan karatu ba ɓoyayye ba ne. Yana cikin Risala, wadda almajirai suke biyawa a zaure tun suna samari. Amma a aikace fa? Mace nawa ce a Kontagora ta yi idda a ɗakinta? Al'ada ta riga ta yanke cewa da an miƙa takarda sai tafiya, har ma matar da ta tsaya a kan haƙƙinta ta ce ba za ta fita ba sai a ce ba ta da kunya, ba ta da zuciya. 'Ya'ya kuwa, ko dai a ƙwace su da zarar an yaye a danƙa wa kishiya, ko a bar mata su ba tare da ko mudun dawa ba. Mutumin da zai tashi da jijiyar wuya a kan tsawon wando da yadda ake riƙe hannu a salla, shi ne zai yi shiru idan aka zo kan wannan babi, kamar an yage shi daga littafin.

Ko da an cika haƙƙin idda ɗin ma, tsarki uku ne, abin da bai wuce wata uku ba ga yawancin mata. Wace sana'a ake koyo a wata uku? Wane jari ake tarawa? Idda an shar'anta ta ne don a tabbatar da ko akwai ciki, a kuma ba ma'aurata damar sake tunani. Ba a ce ita ce za ta tsayar da mace a kan ƙafarta ba. Wannan aikin wani hukunci ne dabam, wanda malamai suke kira mut'ar saki, kuma kada mai karatu ya rikita shi da auren mutu'a da ake jayayya a kansa, domin suna kawai suka haɗa. Mut'ar saki ita ce dukiyar da miji yake ba matar da ya saka, ban da sadakinta, ban da ciyarwar idda. An ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 236 da ta 241, inda aka ɗora ta a kan mai yalwa gwargwadon yalwarsa, mai ƙunci gwargwadon ƙuncinsa. A cikin Muwaɗɗa an kawo ra'ayin Abdullahi ɗan Umar cewa kowace sakakkiya tana da ita, sai wadda aka yanka wa sadaki aka kuma sake ta kafin a tare. Imamu Malik kuma ya bayyana cewa ba ta da iyaka sananniya, ko ta ƙasa ko ta sama.

A nan ne masu gardama suke samun wurin fakewa. Za su ce ai a mazhabar Malik mut'a mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta wa kowa. Gaskiya ne, haka yake a Risala, haka yake a Muhtasar. Hujjar Malikawa ita ce ayoyin sun danganta abin ga masu kyautatawa da masu taƙawa, don haka suka ɗauke shi a matsayin kyautatawa. To amma ai ba a nan maganar ta tsaya ba. Imamu Shafi'i ya wajabta ta. Alƙurɗubi kuma, wanda shi kansa Bamalike ne, da ya zo kan wannan aya a tafsirinsa sai ya rinjayar da wajabci, yana mai nuna cewa babu wanda aka ɗauke wa taƙawa balle ya ce ba da shi ake ba. Wane magidanci ne a Sabo zai miƙe a gaban jama'a ya ce shi a cire shi daga cikin masu tsoron Allah, don kada ya sayi keken ɗinki?

Daɗin daɗawa, malaman da suka bar abin a hannun mutuncin miji sun yi haka ne a zamanin da dangi suke zaune wuri guda, kunya tana aikin ɗan doka, baitulmali kuma yana nan. Yau mai sakin yana nesa da gida tafiyar yini guda a mota, ba ya haɗa ido da surukinsa a masallaci, ba ya ganin 'yarsa da farantin talla a tasha. Mustahabbin da aka bari ga kunya, idan kunya ta yi ƙaura, wa zai ɗauke shi?

WAI NA TURAWA NE

Gardama ta biyu ita ce wadda ake jefa wa duk abin da zai taɓa aljihun maza: wai wannan tsarin Turawa ne. To, a dubi ƙasashen da ba wanda zai koya wa Larabci. A Masar, doka mai lamba 100 ta 1985 ta ce matar da aka saka ba da yardarta ba, ba kuma da laifinta ba, tana da mut'ar da ba ta gaza ciyarwar shekara biyu ba, ana duba halin mijin da tsawon auren, kuma an yarda ya biya kashi-kashi. A Maroko, ƙasar da take kan mazhabar Malik kamar Kontagora, dokar iyali ta 2004 ta ce mai son saki sai ya je kotu, alƙali ya yanka abin da zai ajiye na haƙƙin mata da 'ya'ya, har da mut'a, a ba shi kwana 30. In bai ajiye ba, sai a ɗauka ya fasa sakin. Tunisiya kuwa tun 1993 ta kafa asusu wanda yake biyan matar da tsohon mijinta ya ƙi biyan abin da kotu ta yanka, sa'an nan asusun ya bi shi bashi. Shin malaman Alƙahira da na Fas ba su karanta littattafan da aka karanta a nan ba ne?

Su Turawan ma da ake tsoro, sun fara dawowa kan wannan ma'auni na ƙayyade lokaci. A jihar Fulorida ta Amurka, a 2023, an soke biyan tsohuwar mata ko tsohon miji har abada, amma aka bar irin wanda ake biya don mutum ya koyi sana'a ko ya ƙarasa karatu, aka ce kada ya wuce shekara 5, kuma sai an kawo wa alƙali tsarin abin da za a yi da kuɗin. Wanda yake tsoron a ɗaure shi har abada, sai ya kwantar da hankalinsa, domin ko can an kwance.

Abin takaicin ma yana cikin gida. Tun 1970, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya take da dokar shari'o'in aure wadda ta ba Babbar Kotu ikon yanka wa miji ko mata kuɗin ɗaukar nauyi bayan rabuwa. Amma dokar ta faɗa da bakinta cewa ba ta shafi auren da aka ɗaura bisa Musulunci ko al'ada ba. Saboda haka ɗan Arewa da yake zaune a Ikko yana iya ganin maƙwabciyarsa mai auren rajista ta je kotu ta fito da haƙƙi, ƙanwarsa kuwa ta dawo gida da buhun tsummoki. Ba laifin dokar 1970 ba ne, domin an bar wa Musulmi fagensu ne su tsara shi da Shari'arsu. Tsarin mulki na 1999 ma ya tabbatar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikonta a kan aure da saki da riƙon yara. An ba da filin, masu filin ne suka bar shi saura.

A shekara ta 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, Jihar Neja ta shiga sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a. An yi ta maganar giya da caca da bulala. Da an ba haƙƙin sakakkiya rabin ƙarfin da aka ba farautar kwalabe, da yau ba wannan zance ake yi ba.

GWANAYEN ƊAURIN AURE

Masu mulkin Arewa sun san akwai matsala, ba za su ce ba su sani ba. A Janairun 2009 wata ƙungiyar zawarawa da marayu a Kano, ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi, ta shirya jerin gwano don nuna halin da sakakkun mata suke ciki, Hukumar Hisba ta hana. A 2012 Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara aurar da zawarawa, aka soma da mata 100, da kayan ɗaki da ɗan jari. A Oktoban 2023 Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura auren ma'aurata 1,800 a kan kuɗi fiye da naira miliyan 800. Ba za a ce babu alheri a ciki ba, akwai waɗanda suka dace. Amma mai gyaran randa idan ya ga tana yoyo ta ƙasa, ba ƙara ɗura ruwa ta sama yake yi ba. Wanda ya yi yunƙurin toshe ƙasan shi ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda a 2017 ya bayyana cewa malamai suna tsara daftarin dokar iyali. Aka bar gundarin maganar aka kama cewa wai zai hana talaka ƙara aure, har aka tuɓe shi a Maris na 2020 daftarin bai zama doka ba.

Ƙasar Kontagora ma ta ga nata. A watan Mayu na 2024 Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Neja, Abdulmalik Sarkin Daji, ya ɗauki nauyin aurar da 'yan mata 100 a Mariga, waɗanda aka ce marayu ne da 'yan bindiga suka kashe wa iyaye. Ministar Harkokin Mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta tashi haiƙan ta ce ba ta yarda ba, malamai suka mayar mata da martani, aka yi ta kai ruwa rana, daga baya aka sasanta aka ɗaura auren. Duk tsawon wannan hayaniya, a kan ƙofar shiga aka yi ta. Amma marainiyar da ba ta da uba ran ɗaurin aure, ai ba ta da shi ran saki. Idan ɗaya daga cikin ɗarin nan ta karɓi takarda bayan shekara uku da 'ya'ya biyu, gidan wa za ta? Majalisar da shugabanta ya iya haɗa gado ɗari, ba za ta gaza rubuta doka mai shafi biyar ba.

Kuma Kontagora ba ta da uzurin da wani gari zai kawo. Umaru Nagwamatse da ya kafa ta ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehun nan kuwa, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga mazan da suke barin matansu cikin jahilci suna amfani da su kamar kayan gida, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Gidan da ya gaji wannan suna shi ya fi cancanta ya fara.

YADDA ZA A YI

Dokar ba ta buƙatar dogon Turanci. Duk saki a kai shi gaban alƙalin yankin da matar take zaune, a rubuta shi, ko da mai sakin yana Fatakwal ne ya wakilta wani. Alƙali ya tabbatar da ciyarwar idda da wurin zama tukuna. Sa'an nan ya yanka kuɗin sallama, yana duban shekarun auren da samun mijin da dalilin rabuwar. Ana iya cewa, alal misali, ciyarwar wata guda a kan kowace shekara ta aure, kada ya wuce shekara biyu komai tsawon zaman. Mai hali ya biya gaba ɗaya, marar hali ya biya wata-wata. In matar ta fi son a haɗa mata shi ya zama jari, to, ya fi: keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko buhunan gyaɗa ta riƙa matsar mai tana soya ƙuliƙuli, ko 'ya'yan kaɗanya, tun da Allah ya hore wa Jihar Neja itacen kaɗe, ko tumaki biyu na kiwo. Yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, in tana so ta koma, a biya mata. Ga Jami'ar Ilimi ta Tarayya nan a cikin garin Kontagora, ba sai an je nesa ba. Ran da ta yi wani aure, abin da ya rage na wata-wata ya faɗi. Abincin 'ya'ya kuwa lissafinsa dabam, ba ya faɗuwa. Inda miji ya ɓace ko ya tsiyace ƙarƙaf, hukumar zakka ta jiha ta tsaya wa matar, domin sakakkiyar da ba ta da abincin dare tana cikin kason farko na masu cin zakka.

Za a ce talaka ba zai iya ba. Lalle rayuwa ta yi tsanani. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota daga Ikko zuwa gida ya zama abin tsoro, kuma hana acaɓa da Gwamnatin Ikko ta yi a wasu ƙananan hukumomi a 2022 ya karya 'yan Arewa da yawa. Ba a musun wannan. Amma ayar da ta kawo hukuncin ta riga ta san da talaka, shi ya sa ta ce gwargwadon ƙuncinsa. Sa'an nan a duba da kyau: sau nawa mai kukan babu a gaban alƙali, kafin wata shida ya kai lefen wata? Akwatin da aka samu na amarya, daga ina ya fito? Tsadar da ta hana shi sallamar uwar 'ya'yansa ba ta hana shi sayen goron ɗaurin aure ba. Matsin da yake ji a Mile 12 da ƙarfinsa da sana'arsa, ita tana jin ninkinsa a Kontagora ba ƙarfi ba sana'a.

Za a kuma ce mata za su riƙa tayar da fitina don a sake su su ci kuɗi. Mai wannan magana bai san fiƙihun da yake kārewa ba. Matar da ta nemi rabuwa da kanta ta hanyar hul'i ita ce take biya, kuma Malikawa sun ce ba ta da mut'a. Wadda alƙali ya tabbatar ita ce mai cutarwa, doka tana iya rage mata ko ta hana ta. Akwai mata masu wuyar zama, babu mai musu, kamar yadda akwai maza 'yan halas da suke sallamar matansu da mutunci ba tare da kowa ya sa su ba. Irin waɗannan doka ba za ta ƙara musu komai ba. Amma a ce mace za ta rushe ɗakinta, ta ɗauki sunan bazawara a garin da ake yi wa bazawara kallon hadarin kaji, don kuɗin keken ɗinki, wannan zance ne na wanda bai taɓa tambayar ƙanwarsa yadda zawarci yake ba. Abin da ya fi kusa da faruwa shi ne mai danna waya zai tsaya ya yi lissafi kafin ya danna, fushin kuma ya huce.

Saura wani ɓangare da ya fi shafar mazauna Kudu, wanda ba a son faɗa. Ba dukan sakakkun ba ne suke gida. Akwai waɗanda aka ɗauko daga Kontagora ko Zuru ko Yawuri aka kawo Sabo, aka sake su a nan, ba kuɗin mota, ba dangi, ba harshen gari. Wani masanin zaman jama'a daga Ingila, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda matan da aurensu ya mutu a can suke faɗawa zaman kansu kafin su sake wani auren. Littafin ya fito tun 1969. Duk wanda yake zaune a zango ya san ko labarin ya tsufa ko bai tsufa ba. Mazan da suke zagin waɗannan mata a majalisa da dare, zai yi kyau su tambayi kansu wa ya sauke su a tasha.

A nan Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anaca ba sa buƙatar jiran Minna. A zaurensu ake sasanta rikicin dillalan shanu, a zaurensu ake bin bashin goro, kuma maganarsu tana da nauyi a kan duk mai neman rumfa ko masauki. Limaman zango su ne masu ɗaura aure, suna iya sa a ambaci kuɗin sallama tun ran da ake yanka sadaki, a rubuta, shaidu su sa hannu. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna karɓar kuɗin mako daga kowa, sun san samun kowa fiye da yadda alƙalin Kontagora zai taɓa sani. Idan ƙara ta zo daga gida cewa wane ya saki matarsa ya bar ta da yara huɗu ba ko ƙwayar hatsi, mai zaure ya kira shi ya tambaye shi abu uku: ina take idda, wa yake ciyar da yaran, me kuma ya ba ta ta kama sana'a. In ya kasa amsawa, a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk mako, a karɓa tare da kuɗin ƙungiya, a rubuta a littafi, a danƙa wa direban da zai tashi zuwa Kontagora, ya kai wa matar hannu da hannu a gaban mai unguwarsu, ya dawo da shaida.